Sifika a Bakin Tulu

Alhamis, 1 ga Afrilu, 1993

Baba ya rufe shago yau. Ba hutu ba, rufewa. Tun kafin a haife ni yake gyaran rediyo a bakin kasuwar Yelwa, yau ya sa aka kwaso komai a baro aka jibge mana a zaure. Gawarwakin rediyo, gwangwanayen madara cike da ƙananan ƙusoshi, mitarsa mai allura, ƙarfen narka darma. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, sai ta koma madafa ta hau dakan yajin da ta riga ta daka jiya.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Na gaji da hayaniyar kasuwa." Mutumin da in kasuwa ta yi shiru yakan kunna rediyo uku lokaci guda.

Ni dai na sani. Tun cikin azumi nake ganin yana laluben butar alwala da ƙafa.

Asabar, 3 ga Afrilu

Zafi. Ba wuta tun safe, ga ruwan Kainji a gefenmu. Har yanzu shiru game da aikin Birnin Kebbi. Cikin waɗanda muka koyi buga tafireta tare an kira mutum biyu. Ni ban da wankin kwanoni ba abin da na buga.

Litinin, 5 ga Afrilu

Bayan la'asar Baba ya tara mu a tsakar gida, ni da Inna, Kaka Dudu, mahaifiyar Baba, kuma tana ji daga bakin ɗakinta. Wai zai ja waya a gidan nan gaba ɗaya. Amfilifaya guda a ɗakinsa, sifika a kowane ɗaki: zaure, ɗakin Inna, ɗakin Kaka, ɗakina, har madafa. Labarai, karatun safe, kaset, kowa ya ji daga inda yake zaune.

Inna ta ce, "Malam, rediyon da ke gidanga sun fi mutanen gidan yawa."

Ya ce, "Shi ya sa. Kowace da bakinta, ba a jin ko guda."

Sai ya juyo wajena, ko in ce wajen da yake zaton ina, don ya ɗan kauce. "Nafisa, ke da ba ki da aikin yi, ke za ki riƙa hawa tsani."

Maganar ta soke ni. Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 8 ga Afrilu

Mun fara. Na zaci zai ba ni guduma in hau bango, sai ya zaunar da ni a tabarma ya ajiye sifika guda tsakaninmu, tsirara, ba akwati. Ya ɗauko batirin tocila. Ya kama yatsana ya ɗora a kan baƙar takardar nan ta tsakiya, ya taɓa wayoyin biyu a jikin batirin. Takardar ta turo yatsana, ɓut, kamar wani abu mai rai.

"In ta turo ki, wanga gefen shi na ja. In ta ja ciki, ki juya wayar. In guda na turawa guda na ja a gida ɗaya, sauti shi kan cinye kanshi."

Bai kalli sifikar ba ko sau ɗaya. Fuskarsa na sama, wajen reshen darbejiya. Hannunsa ne ke gani. Ya ɗaure ƙulli a wayar ja don ya gane ta ba sai an faɗa masa launi ba.

Ban taɓa zama na kalli Baba yana aiki ba. Kullum abinci nake kai masa shago in ajiye in juyo.

Lahadi, 11 ga Afrilu

Na ƙone yatsa da darma. Baba ya ce kowa da wannan tambarin ya fara, ya nuna mini nasa.

Laraba, 14 ga Afrilu

Yaya John ya zo daga Wara a kan babur, da kwali ɗaure a baya. Shi ne almajirin Baba na farko a shago, tun yana yaro ya sauko daga gonarsu ta kan dutse a ƙasar Ngaski, a zaurenmu ya kwana shekaru. Yanzu da shagonsa da 'ya'yansa, amma har gobe durƙusawa yake ya ce "Maigida."

Sifika huɗu ya kawo. Biyu daga ƙofar wata motar da ta mutu, ɗaya daga tsohon kayan sautin cocinsu, ɗaya kuma ya ce daga wani jirgin ruwa mai inji, har yanzu tana warin kifi. Baba ya bi kowace da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne. Ta cocin ya ce ita ce sarauniya, ɗakin Kaka za ta.

Da Yaya John ya miƙa masa hannu za su yi sallama, hannun Baba ya wuce ta gefe. Na raka shi zaure, sai na ga yana share fuska da hularsa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun azumi na lura. Ya ce ƙanwar babarsa ta yi irin wannan, an kai ta asibitin ido a Kaduna, an tare abin bai ƙarasa ba. Amma sun ce da an ƙara jinkiri da shi ke nan.

Ya koma ciki ya durƙusa. Na ji yana cewa, "Maigida, kai ka koya mini ba a cewa rediyo ta mutu sai an buɗe bayanta."

Baba ya yi dariya. Ya ce, "Sai na gama waya."

Asabar, 17 ga Afrilu

Sai na gama waya. Inna ta roƙe shi, Kaka ta yi masa faɗa da yarensu na Gungawa, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci sosai. Amsar ɗaya ce.

Haushi ya hana ni cin abinci. Ido ne fa. Ido!

Talata, 20 ga Afrilu

In waya ce ta tsare shi, to a gama wayar. Tun da hantsi nake kan tsani. Na ja ta daga ɗakinsa ta bi ƙarƙashin kwano zuwa ɗakin Inna, na buga ƙusa na lanƙwasa kamar yadda ya nuna. Yana ƙasa yana riƙe da tsanin, yana sakar mini wayar ta cikin tafinsa a hankali. Ya tsayar da ni sau biyu, ya ce akwai rauni a nan, rigar wayar ta ɗaye. Na duba, da ƙyar na gani da idona biyu.

Kowane ɗaki da alamarsa a bakin waya: na Inna ƙulli biyu, na Kaka zaren buhu, na madafa guntun roba, nawa ya naɗa masa tsumma. Ya ce ko a duhu mutum ba zai ɓata ba. Bai ce wane mutum ba.

Juma'a, 23 ga Afrilu

Na yi ɓarna.

Baba ya tafi masallacin Juma'a, maƙwabcinmu Lawali ya ja shi a hanya kamar hira ce kawai suke. Wayoyi duk sun iso ɗakinsa, saura akwatin makunnai da yake ta sassaƙawa ba ya gamawa. Na ce me ake jira? Na tattara jajayen na murɗe wuri guda, baƙaƙen wuri guda, na cusa a bayan amfilifaya, na sa kaset. Ya yi! Wallahi ya yi. Na ruga tsakar gida ina jin waƙa tana fitowa daga ko'ina. Ina shirin kiran Inna sai sautin ya shaƙe, ya koma gurnani, ya ɗauke. Da na shiga, hayaƙi siriri na fita ta bayan akwatin.

Na zauna a bakin gadonsa ina jira.

Tun daga zaure ya tsaya. Na ji ya ja hanci. Ya ce, "Transista ta tafi." Ya shigo, ya cire babbar riga, ya rataye, ya ɗora tafinsa a kan amfilifayar. Ya ce, "Duka kinka haɗa mata?" Na ce duka. Ya ce, "Jaki guda, kaya biyar." Shi ke nan faɗan.

Na fashe da kuka, na ce so nake mu gama ka tafi asibiti. Sai ya ce, "Ɗiyata, na sani. Miƙo mini sukudireba mai kan tauraro."

Muka buɗe ta tare. Ya sa ni na shinshina kowane sashe har na gano wanda ya ƙone da kaina.

Litinin, 26 ga Afrilu

An aika wa Yaya John ta hannun masu jirgin Wara ya nemo transista. Kafin ta zo Baba na koya mini karanta zoben launin da ke jikin 'yan rasistoci. Ni in faɗi launi, shi ya faɗi ƙarfinta tun ban rufe baki ba. Ruwan ƙasa, baƙi, ja. Yanzu na fara riga shi wani lokacin. In na riga shi sai ya yi kamar bai ji ba, amma gefen bakinsa na motsi.

Alhamis, 29 ga Afrilu

Yau na san dalilin tulunan da Baba ke nema. Kwana biyu yana aikena wajen masu tukwane, a kawo wannan, a mayar da wancan, yana ƙwanƙwasa cikinsu da ɗan yatsa. Ashe akwatin sifika yake nema. Ya ɗora ta jirgin ruwan a bakin tulu, ya liƙe gefen da ƙaro da tsumma, ya huda ɗan rami a ƙasa. Muka gwada da ƙaramar rikoda. Sifikar da jiya take kuka kamar sauro, yau muryar mai karanta labarai ta fito da ƙirji, har na ji ta a cikina.

Inna ta leƙo ta ce, "Tulun ruwana ne wancan?" Nata ne.

Asabar, 1 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta wajen Shanga, ya watse. Kowa na kallon sama.

Alhamis, 6 ga Mayu

Rigima.

Transista ta zo, amfilifaya ta tashi. Akwatin makunnai ya gamu, da rasistocin da za su raba nauyin don kada a sake kashe jakin. Sai Baba ya nuna mini wani makunni na daban a gefe. Ya ce kowace sifika kunne ce in ka juya ta. In ya murɗa wannan, maimakon ya aika sauti ɗakin, sai ya ji abin da ke cikin ɗakin.

Na ce kai! Inna da ke shara a bakin ƙofa ta jingine tsintsiya.

"Wato in ina ɗakina da baƙuwa, kana nan kana saurare?"

"Zainabu, ba haka ba ne."

"To yaya ne? A cire ta ɗakina. Da ta madafa. Ba a haife ni don a sa mini kunne a bango ba."

Ban taɓa jin ta kira abu da ƙarfi haka a gabansa ba. Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, kamar da tabarma yake magana:

"In duhun ya gama rufewa, ban son in zan mutumin da ake kawo ma labarin gidanshi. Ina son in ji turmi. In ji Inna Dudu ta yi tari in san ta tashi. Shi ke nan."

Karo na farko ke nan da ya ambaci abin da bakinsa. Inna ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Na ji ta a bayan ɗaki tana fyace hanci.

Lahadi, 9 ga Mayu

Ya warware duk aikin kwana uku. Da kansa. Ya ce Inna ce da gaskiya, kunnen da mai ɗaki ba ya iya toshewa sata ne. Yanzu kowane ɗaki zai sami nasa makunnin a jikin bango: ka ɗaga, Baba na jin ka, ka sauke, ko ganga kake bugawa ba zai ji ba. Da abin murɗawa na rage ƙara ko kashewa gaba ɗaya.

Wannan ya ƙara mana aiki, ya ƙara jinkirin Kaduna. Ban san yadda ake jin haushin mutum ana kuma jin kamar a goya shi ba, sai a kan Baba.

Laraba, 12 ga Mayu

Ruwan farko. Ƙamshin ƙasa. Kwano ya yi yoyo daidai inda na haɗa wayar madafa, dole na sake naɗewa. Liƙin darmata ya fara kyau, yana sheƙi, ba ya yin dunƙule kamar kashin akuya. Baba ya shafa guda da babban yatsa ya wuce bai ce a sake ba.

Asabar, 15 ga Mayu

Yau ya zuba shayi a gefen kofi. Ya ce kofin ne ya matsa.

Talata, 18 ga Mayu

An gama.

Da hantsi ya sa kowa ya shiga ɗakinsa ya zauna. Ni ce mai yawo, ina duba ko'ina. Ya fara da tashar Kaduna. Zaure ya amsa, ɗakin Inna ya amsa, madafa, nawa. Duk murya ɗaya, ba mai riga wani, kamar gidan ne da kansa ya buɗe baki. Yaran maƙwabta suka cika zaure suna leƙa cikin tulu.

Sai ya kashe sauran ya bar ɗakin Kaka kaɗai. Ya ce in je in zauna da ita. Ya sa wani tsohon kaset da ban taɓa gani ba.

Kaka Dudu ta ƙi sifikar tun farko. Ta ce ita ba ta kwana ɗaki ɗaya da abin da ke magana ba shi da ciki. Mun sa mata tata a cikin ƙwarya, mun rataye a saman ƙofa, ta juya mata baya.

Da farko shuuu kawai ake ji, da kukan zakara. Sai muryoyin mata, tsofaffi, suna waƙa da yaren Gungawa, da tafi. Ni kaɗan nake tsinta. Waƙar ban ruwan albasa ce, irin wadda suke yi a gungunsu, tsibirin da ruwan madatsa ya haɗiye tun Baba na saurayi. Ashe shekarun baya, da ya sayi rikodarsa ta farko, ya bi ƙauyen da aka mayar da mutanensu ya ɗauko.

Kaka ta juyo a hankali. Ta ɗaga hannu kamar mai cewa a yi shiru, alhali ba mai magana. Sai ta ce, "Uwani ce. Wagga mai jan baki Uwani ce." Yayarta. Ta rasu ina aji uku na firamare.

Ta bi waƙar, tana gyara musu inda suka yi kuskure. Da kaset ya ƙare ta dubi ƙwaryar ta kira Baba da sunansa, ta ce, "Mamuda, kana ji na?" Na tashi na ɗaga mata makunnin. Na ce yanzu yana ji.

Ta ce, "Mamuda, ka gama wayarka. Ka tafi a duba idonka, ko in tsine wa wagga ƙwarya."

Dariyarsa ta fito ta saman ƙofa. Ya ce, "To, Inna."

Juma'a, 21 ga Mayu

Sun tafi da safe, shi da Yaya John, motar Kontagora. Yaya John ya rufe shagonsa don wannan. Kafin ya fita Baba ya kama hannuna ya bi da shi kan makunnan ɗaya bayan ɗaya, ya ce gidan na hannunki.

Litinin, 24 ga Mayu

Ina kunna wa Kaka kaset ɗin Uwani kullum bayan azahar. Inna ta ce in sa mata labarai a madafa, "tunda an riga an ɓata mini tulu."

Sifikar zaure ta fara kaɗawa. Na sauke, na tarar zanzaro ya fara gini a ramin tulun. Na share, ta daina. Ba wanda na tambaya.

Juma'a, 28 ga Mayu

Sun dawo.

Idon hagu ya tafi, ba abin da za a yi. Na dama akwai saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli, in ji Yaya John. An ba shi maganin ɗigawa safe da yamma har iyakar rai, an ce in ya kiyaye, abin da ya rage zai iya zama. Likitan ya tambaya me ya sa ba a zo da wuri ba. Yaya John ya ce Baba ya amsa masa da cewa yana da aiki a hannu.

Na kasa tambaya ko makonnin nan na waya su ne suka ci na hagun. Na tambayi Yaya John a zaure. Ya ce likita ya ce wancan ya daɗe da mutuwa, tun bara. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa mini ko lallashi. Na karɓa.

Baba kuwa ko riga bai cire ba ya shiga ɗaki ya bi makunnai da hannu. Ya ce, "Wa ya taɓa ta zaure?" Na ce ni, zanzaro ne. Ya ce, "Ta fi da."

Laraba, 2 ga Yuni

Sallah. Ƙamshin suya ko'ina. Baba ya sa wa duk gidan kiɗa har Inna ta ce kanta na ciwo, ta murɗe tata. Ya ji daɗin hakan fiye da komai, wai ga shi abin na aiki.

Litinin, 7 ga Yuni

Abin da na gani yau.

Na shiga ɗiga wa Baba magani da yamma, na same shi zaune a bakin gado, ya rage ƙara sosai, kansa a jingine da bango. Daga sifikarsa ana jin turmi. Dum, dum. Da ƙarar ludayi a jikin tukunya. Da muryar Inna tana mita ita kaɗai, wai itacen nan ɗanye ne, wai kifin yau duk ƙaya, wai Lawali ya ce ruwa ya fara hawa a Shanga masu shinkafa na murna.

Inna ba ta magana ita kaɗai. Ban taɓa ji ba tunda nake.

Na wuce madafa kamar zan sha ruwa. Makunnin a ɗage yake. Ta ga na gani. Ta ce, "Hannuna ne ya buge shi. Miƙo mini gishiri."

Laraba, 16 ga Yuni

Gari ba zancen da ake sai na zaɓe. Maza sun mayar da zaurenmu wurin jin labarai, don tulunmu ya fi rediyon kowa fita. Baba na ɗakinsa yana juya musu tasha, in gardama ta yi zafi ya ɗaga murya ta cikin tulu ya ce a yi a hankali akwai tsohuwa a gida. Sun fara kawo masa matattun rediyonsu kuma. Yana karɓa, ya saurara, ya shinshina, ya ce Nafisa buɗe mu gani. Wai mu.

Juma'a, 25 ga Yuni

An kira ni. Ma'aikata a Birnin Kebbi, mai buga tafireta, in fara farkon wata.

Abin da nake jira tun bara. Na yi murna. Na yi murna mana.

Baba ya ce Alhamdu lillahi har sau uku, ya ce sabuwar jiha na son hannu masu sauri. Na ce wa zai riƙa ɗiga maka magani? Inna ta ce ita ta mutu ne? Na ce in waya ta tsinke fa? Ya ce John na nan. Kowa ya shirya amsarsa, kamar sun yi shawara ba da ni ba.

Laraba, 30 ga Yuni

Na bi duk haɗin da ke gidan na sake naɗewa, har waɗanda ba su buƙata. Kaka ta ba ni busasshen kifi a ƙunshi ta ce kada in ci na can, ba su san kifi ba.

Lahadi, 11 ga Yuli

Birnin Kebbi. Ɗaki guda muke haya da wata Dorcas, 'yar Zuru, ita ma sabuwar ɗauka ce, a sashen albashi. Tana da kirki, tana da surutu. Ofis ba laifi. Takarda, kabon, takarda. Shugabanmu ya ce ina da sauri.

Ɗakin shiru. In na farka da asuba sai in kasa kunne ina jiran karatu ya sauko daga saman ƙofa.

Asabar, 24 ga Yuli

Direban motar Yawuri ya kawo saƙon baki daga gida: kowa lafiya, Baba na shan magani, wato yana ɗigawa. Ɓera ya ci wayar ɗakina, Baba ya ce a bar ta sai na zo.

Sai na zo. Yaya John fa?

Asabar, 7 ga Agusta

Na shiga kasuwa sayen man gyaɗa. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a layin masu kayan rediyo ba. Wani na liƙa waya, darmar ta yi masa dunƙule, na ji kamar in karɓe. Na sayi ƙaramin ƙarfen darma da sukudireba biyu. Don wayar ɗakina ce in na je gida.

Na manta man gyaɗan.

Asabar, 21 ga Agusta

Rikodar Dorcas ta kwana biyu tana gurnani, gobe kuma tana son ta kai ta wajen taron matansu na coci. Ta ce za ta kai wa mai gyara. Na ce kawo in duba, ba don na iya ba.

Na shimfiɗa ɗankwali a ƙasa na buɗe bayanta. Ba ƙauri. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na zo kan ta sifika na ji tana motsi a gindinta, liƙin ya tsage. Na narka, na sake. Muka kunna, ta fito tas. Dorcas ta yi tsalle ta ce gobe za ta faɗa wa kowa, akwai rediyo biyu a gidan fastonsu da suka mutu. Na ce kada ta soma. Ni mai buga tafireta ce.

Sai ta ce, "Amma me ya sa kike rufe ido in kina yi?"

Na ce ban rufe ba.

Ta ce tun da na sa hannu a ciki idona a rufe yake, fuskata na kallon silin.

Na ce hayaƙin darma ne.

Na ce mata ta kawo guda ɗaya tukuna. Ƙaramar.